Tambayoyinku: jan layi a kod, da masu toshe wa linta baki

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina koyon JavaScript, sai in ga VS Code, manhajar da nake rubuta kod a ciki, na ja min jan layi tun ban ma kunna shirin ba. Ya aka yi ya san akwai matsala?

Amsa: Ba duban bokaye yake yi ba ɗan'uwa, kuma yawanci ba VS Code ɗin ba ne shi kaɗai, linta ne, wato manhajar da ke zaƙulo kurakurai a kod, irin su ESLint ke aiki a bayan fage. Yana karanta kod ɗinka a matsayin rubutu, ya yayyanka shi, ya gina wani tsari mai rassa da ake kira AST, kowane if, kowane fonkishin, kowane suna da ka ƙirƙira yana da reshensa. Sai dokoki su bi rassan ɗaya bayan ɗaya, misali no-unused-vars tana neman sunan da ka ƙirƙira amma ba ka taɓa amfani da shi ba. Abin ya daɗe fa, tun 1978 Stephen Johnson ya rubuta manhajar lint a cibiyar bincike ta Bell Labs saboda yaren C, shi kuma ESLint Nicholas Zakas ne ya fitar da shi a 2013.

Tambaya: Gargaɗi ya yi min yawa, abokina ya ce in sa /* eslint-disable */ a saman kowane fayil. Na sa, komai ya yi fes. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, kuma wallahi wannan ɗabi'ar tana ci min rai. Kai da abokin naka kun yi abin mai zazzaɓin da ya fasa ma'aunin zafi ya ce ya warke. Kurakuran suna nan inda ka bar su, kai ne kawai ka daina ganinsu, kuma duk wanda ya zo bayanka ya ƙara kod a fayil ɗin shi ma ba mai duba masa komai.

Ga misali: a 2014 an gano wani layin kod mai cewa goto fail. An maimaita shi sau biyu a kod ɗin Apple mai tantance haɗin SSL, wato tsarin tsare haɗin intanet, wannan layi ɗaya ya sa ana tsallake matakin duba sa hannu gaba ɗaya a iPhone da Mac. Kod ɗin da ke ƙasansa ya zama wanda ba za a taɓa isa gare shi ba, wato daidai irin abin da waɗannan manhajoji ke kamawa. Injiniyoyi ƙwararru ne abin ya wuce wa ido, to balle kai da ka fara jiya.

Na yarda wani lokacin linta na yin ihu a banza, kuma akwai dalili, tun 1953 Henry Rice ya wallafa hujjar cewa babu manhajar da za ta iya faɗin halin kowane shiri daidai ba kuskure, don haka dole linta ya yi hasashe, ko ya yi ƙara inda ba komai ko ya yi shiru inda akwai. Amma maganin ihu ɗaya na banza shi ne ka kashe doka ɗaya a layi ɗaya: eslint-disable-next-line, ka rubuta sunan dokar, ka sa -- ka faɗi dalilinka. A Python ma haka, # noqa: E501 za ka rubuta, wato da lambar dokar, ba # noqa tsirara ba. In kuma dokar ba ta dace da aikinku ba sam, ku zauna ku cire ta a fayil ɗin saiti kowa ya sani. Je ka goge eslint-disable ɗin nan yau, ka kunna --fix ya share masu sauƙin, sauran ka bi su da hannu. Ni ko da yaushe sai na sa linta ya gudu kafin kowane commit, wato kafin in adana canjin da na yi a ma'ajiyar kod, kai ma yi hakan.

Tambaya: Malam, a tim ɗinmu muna da tsohon fonkishin da muka ce a daina kira, amma mutane sun ƙi ji. Zan iya koya wa ESLint ya hana?

Amsa: Sosai ma malama, daman don haka aka gina shi, kowace doka zaman kanta take. Fara gwada dokar no-restricted-syntax, sau da yawa ta isa. In ba ta isa ba, liƙa kod ɗin a AST Explorer, shafin da ke nuna rassan kod, ki ga sunan reshen, kiran fonkishin dai CallExpression ne. Sai ki rubuta doka mai create(context) da za ta kama wannan reshen, ta duba node.callee.name, in ya yi daidai ta kira context.report da saƙon da ke faɗa wa mutum abin da zai yi amfani da shi a madadinsa. Kar ki sake ta sai kin gwada da RuleTester, abin gwajin dokoki na ESLint, da kod mai kyau da maras kyau. In yarukanku da yawa ne duba manhajar Semgrep, a tsarin rubutun YAML ake rubuta dokokinta.

Tambaya: Tunda ina da linta, sai na rubuta gwaji kuma?

Amsa: Eh mana. Linta bai san kana nufin tarawa ba ka rubuta ɗebewa. Rubuta gwajinka, lalaci ne kawai ke damunka.