Me ya sa aka tsallake wanda ya ci min ƙwallo a benci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga Fantasy Premier League da abokaina, wato wasan intanet da ake zaɓar 'yan wasan gasar Firimiya ta Ingila ana tara maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Makon jiya na jera 'yan baya uku, ɗaya bai buga ba saboda rauni. Na farko a bencina ɗan gaba ne, ya ma ci ƙwallo, amma aka tsallake shi aka shigo min da ɗan baya mai maki ɗaya. Kuskure aka yi? Yanzu kuma wanda ya ji raunin yana da alamar rawaya, ga shi na riga na kashe canjina na kyauta. In sayar da shi a cire min maki 4? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba kuskure aka yi ba, ƙa'ida ce ta hau kanka. A cikin 'yan wasa 15 da ka saya, sha ɗayan da ka fitar dole su ƙunshi gola ɗaya, da aƙalla 'yan baya 3, 'yan tsakiya 2 da ɗan gaba 1. Tunda uku cif ka jera a baya, in ɗaya ya faɗi ba mai maye gurbinsa sai ɗan baya, ko da shi ne na ƙarshe a bencin. Da huɗu ka jera, da ɗan gabanka ya shigo da makinsa. Shi ya sa duk mai son tsarin 3-4-3 ko 3-5-2 ya kamata ɗan bayansa na huɗu ya zama wanda ke buga wa kulob ɗinsa kowane mako, ba mai arha da aka saya don cike gurbi ba.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne ɗan wasan da ake kokwanto a kansa. Wanda aka tabbatar ba zai buga ba ya fi sauƙi, domin benci zai rufa maka asiri. Amma wanda koci ya shigo da shi a minti na 88 ya buga ke nan: maki ɗaya zai ba ka, kuma ya toshe wa na benci hanya. Haka abin yake ga kyaftin, wanda ake ninka wa maki. Mataimakinsa ba ya samun ninkin maki sai kyaftin bai taka fili ba ko na minti ɗaya. Ni a ganina, ɗan wasan da ake cewa "zai iya shigowa daga baya" benci ne wurinsa, kuma ba a ɗaura masa kambun kyaftin. Masu 'yan Manchester City a zamanin Pep Guardiola sun sha wannan ɗacin.

Wasu rashin kuwa ana hango su tun daga nesa. Katin gargaɗi 5 a cikin wasanni 19 na farko yana jawo dakatarwar wasa ɗaya, don haka ka riƙa duba wanda ke da 4. Gasar cin kofin Afirka ma haka: lokacin da aka yi ta a Maroko daga 21 ga Disamba 2025 zuwa 18 ga Janairu 2026, Fulham ta rasa Alex Iwobi, Calvin Bassey da Samuel Chukwueze.

Batun sayarwa, alamar rawaya tana nufin ana sa ran kashi 75 cikin ɗari zai buga. Kada ka yi gaggawa. Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na mako, kociyoyi kuma galibi suna magana da 'yan jarida ranar Alhamis ko Juma'a, to ka saurari nasa. In an ce makonni zai yi yana jinya, cire maki 4 da ake yi kan canjin da ya wuce na kyauta yana iya biyan kansa. In mako ɗaya ne, ka sa shi a benci, ka fito da wanda ka tabbata zai fara wasa, ka jira canjin kyauta na mako mai zuwa, tunda ana iya tara su har guda 5.