Amsa: daga ina kalmar "electric" ta samo asali?

Malamar da ta tambaya ko "electric" sunan wani masani ne, kamar yadda "volt" ta fito daga Alessandro Volta: a'a, sunan ƙaro ne.

Girkawa suna kiran wani daskararren ƙaron bishiya mai launin zuma "elektron", irin wanda ake yin carbi mai tsada da shi. Tun zamanin da an lura cewa in aka goga shi da ulu, yakan janyo ƙaiƙayi da gashin tsuntsu. A 1600 William Gilbert, wani likita a Landan, ya fitar da littafinsa De Magnete, inda ya ƙirƙiro kalmar Latin "electricus", wato mai hali irin na wannan ƙaro. Ya gwada gilashi da farar wuta ya ga su ma suna ja in an goga su, sai ya ware wannan jan daga na maganaɗisu. Ɗafin "-ic" kuwa aikinsa mayar da suna sifa. Daga wannan sifa ce Thomas Browne, wani likita marubuci a Ingila, ya rubuta "electricity" a 1646.

Inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe shi ne su ce daga "electron", wato ƙaramar ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki, aka samo "electric". Ai sifar ta girme shi nesa ba kusa ba, don sai a 1891 George Stoney, wani masanin kimiyya ɗan Ireland, ya ƙirƙiro sunan "electron".

Larabawa ma ƙaron suka bi: "kahraba", kalmarsu ta lantarki, daga sunan wannan ƙaro a Farisanci take, ma'anarta mai fizge ƙaiƙayi. Namu "lantarki" kuma "electric" ce harshenmu ya tanƙwara.

In kina so ki nuna wa yara, ba sai kin nemo ƙaro ba. Ki yayyaga takarda ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ki goga rula ta roba a busasshen gashi na kamar daƙiƙa 20, ki kawo ta dab da takardun, za su yi tsalle su manne. Da hunturu abin ya fi kyau. Da damina kuwa yakan ƙi, saboda laimar iska tana kwashe cajin, kuma Gilbert ma ya lura da haka. Gashi mai man shafawa yana ɓata gwajin. Kada ki ɗauko cokalin ƙarfe, don cajin zai bi ta hannunki ya zurare ƙasa.