Amsa: Hannun da sojan Jamus ke ɗinka kyallen Afrikakorps

Ka tambaya ko an juya hoton da ka samu ne, tunda sojan Jamus ɗin yana da siririn kyalle mai rubutun AFRIKAKORPS a hannun dama, alhali kana jin cewa a hagu ake ɗinka irinsa. Hoton daidai yake, domin wannan kyalle da aka fito da shi a 1941 don Afrikakorps, wato dakarun Jamus da Janar Rommel ya jagoranta a Libiya a Yaƙin Duniya na Biyu, a hannun riga na dama ake ɗinka shi, kamar santimita 15 sama da bakin hannun. Wanda ake sawa a hagu shi ne na 1943, mai launin ƙasa, wanda aka rubuta AFRIKA kawai tsakanin bishiyoyin dabino biyu, kuma shi lambar yabo ce ga wanda ya yi wata shida a fagen daga na Arewacin Afirka.

Sai dai kada ka dogara da kyallen kaɗai, domin na sha riƙe tsofaffin hotuna da aka juya wajen wankewa, har rubutun ya koma baibai ba tare da mai sayarwa ya lura ba. Ka duba tambarin mikiya da ke kan kakin: sojan ƙasa yana ɗauke da ita a ƙirjin dama, sama da aljihu, yayin da ɗan Waffen-SS, wato rundunar yaƙi ta jam'iyyar Nazi, ke sa ta a dantsen hagu, kyallen sunan rundunarsa kuma a ƙasan wannan hannun. Idan mikiyar da kyallen Afrikakorps suna gefe guda, to sojan ƙasa ne kuma ɗinkin yana wurinsa.