Amsa ga Yaya: yadda muke yanke shawara idan dabbar gida ta kwanta

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara baki ɗaya.

Saƙonka ya iso, kuma wallahi ban ji haushinsa ba. Ka ce 'yarka ta gaya maka a waya tana kuka cewa muzurunmu ya mutu a hannun likita, har ta ba ka labarin cewa shekarun baya an taɓa kwantar da shi kwana uku ana yi masa ƙarin ruwa. Shi ne kake tambaya: mu Hausawan da muka daɗe a Ingila, kuɗi ne suka yi mana yawa, ko kuwa zama da Turawa ne ya sauya mana tunani, da har za a kai mage asibiti alhali ga 'yan'uwa da ke neman na magani? Tambaya ce mai nauyi, ni ma na sha yi wa kaina ita da tsakar dare. Bari in warware maka yadda abin yake a wurinmu.

Da farko dai, a nan mutum idan ya yi rashin lafiya, asibitin gwamnati na duba shi ba tare da ya biya a bakin ƙofa ba, tun 1948 ake haka. Dabba kuwa ba ta da wannan gatan. Ganin likita kuɗi, gwajin jini kuɗi, hoto kuɗi, kwana ɗaya a asibiti kuɗi, in kuma da dare ne ko ranar hutu, sai abin ya ninka. Sannan doka ba ta bar ka ka kau da kai ba. Akwai dokar kula da dabbobi ta 2006 da ta ɗora wa duk wanda ya ajiye dabba nauyin abincinta, da makwancinta, da kare ta daga ciwo da wahala. Wanda ya bar dabbarsa tana fama bai nema mata magani ba, ana iya gurfanar da shi a kotu, har a hana shi sake ajiye wata. To ka ga, zaɓin a zuba mata ido har Allah ya yi ikonsa, nan babu shi.

Amma ni ba dokar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Kai da kanka ka karantar da ni hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Magen da ke zaune a gidajenmu na nan kusan kullalliya ce. Wata tana hawa na biyar, ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ba ta da inda za ta je, ba ta san kowa ba sai mu. Mu muka ɗauko ta muka rufe ƙofa, saboda haka ranar da ciwo ya kama ta, haƙƙinta yana wuyanmu. Yawancin mutanenmu mage suke ajiyewa, wasu tsuntsu ko zomo, masu kare ƙalilan ne, kuma galibi yara ne suka matsa aka kawo.

Kar ka ɗauka bakinmu ɗaya a kan wannan. Akwai dattawanmu da suke ganin duk abin almubazzaranci ne, su tun farko ba sa barin dabba ta shigo gidansu, kuma ina ganin girman wannan matsayi, domin wanda bai ɗauki amana ba ba za a tambaye shi ita ba. Akwai kuma yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda za su iya cin bashi don mage, su ɗauka duk wanda ya tsaya lissafi ba shi da tausayi. Mu na tsakiya, da muke biyan haya a nan muna kuma aikawa gida duk wata, mu ne muke zama da biro da takarda.

Bari in ba ka labarin Toka, muzurun namu, domin sau biyu muka tsaya a gaban wannan tambaya a kansa, kuma amsar ba ta zo iri ɗaya ba.

Na farko yana da shekara shida. Wata Asabar da yamma na lura yana ta zuwa wurin bayan gidansa, ya tsuguna, ya yi nishi, ya taso babu ko ɗigo. Can sai ya fara kuka irin wanda ban taɓa ji ba, ya shige ƙarƙashin gado. Maigida ya ce a bari zuwa Litinin. Na kira asibitin dabbobi na gaggawa, matar da ta ɗauka ta ce in kawo shi yanzu-yanzu. Ashe hanyar fitsarinsa ce ta toshe. Abin ya fi samun muzuru saboda tasa hanyar siririya ce, ɗan tsakuwa ko majina kaɗan sai ta rufe ta. Idan fitsari ya kasa fita, dattin da ƙoda ke tacewa sai ya taru a jini, sinadarin fotashiyam ya hau har ya tsayar da zuciya. Cikin kwana biyu zuwa uku dabba na iya mutuwa, kuma mutuwa ce mai azaba.

Likita ta rubuto mana kiyasin kuɗin, ya kusa cinye rabin albashina na wata. Na tambaye ta abu ɗaya: in an yi masa aikin, zai koma yadda yake? Ta ce in an sa masa robar fitsari aka ba shi ruwa kwana biyu ko uku, akasari suna miƙewa garau, sai dai abin na iya dawowa, don haka dole a sauya masa abinci zuwa mai ruwa-ruwa, a kuma sa ido ya riƙa shan ruwa. Muka biya. Mun fasa sayen abin da muka yi niyyar saye a watan, amma ba mu taɓa kuɗin haya ba, ba mu taɓa abin da ake aika wa Inna ba. Toka ya ƙara shekara tara a duniya yana tsalle a kan kujeru.

Na biyu shi ne na bana. Ya kai shekara goma sha biyar, sai ya fara shan ruwa kamar ba zai daina ba, fitsari ya yawaita, jiki na zubewa, gashi ya daina sheƙi. Gwajin jini ya nuna ciwon ƙoda, wanda ya zama ruwan dare ga tsofaffin maguna. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu, nasa ya riga ya kai na uku. Wannan ciwo ba ya warkewa, abin da ya lalace a ƙoda ya lalace, sai dai a rage masa gudu. Muka ɗauki abin da ke da sauƙi kuma yake da amfani: abinci na musamman mai ƙarancin sinadarin fosforas, maganin tashin zuciya, da ruwan da aka koya mini yi masa a ƙarƙashin fata a gida. Wata bakwai muka yi a haka, yana ci, yana kwanciya a rana bakin taga.

Da ya daina ci gaba ɗaya, aka ce ana iya kwantar da shi a sake ƙarin ruwa ta jijiya, a yi hoto, a sake gwaje-gwaje. Na maimaita tambayata ta shekara tara da suka wuce. Wannan karon likita ta yi shiru kaɗan, ta ce wataƙila ya samu 'yan makonni, kuma wani ɓangare na makonnin a keji zai yi su, cikin baƙin wuri, da allura a hannu. Kuɗin bai kai na farko ba ma, Yaya. Muna da shi. Amma na ce a'a, domin na ga ba shi za mu saya wa sauƙi ba, kanmu za mu saya wa jinkirin baƙin ciki.

Wannan ne ma'aunin da yawancinmu muke bi, ko da ba mu taɓa zama mun rubuta shi ba. Ba girman kuɗin ake fara dubawa ba, abin da kuɗin zai sayo ake dubawa. Ƙaramar mage da mota ta karya wa ƙafa, in aka yi tiyata za ta yi shekara goma tana gudu, wannan daban yake da tsohuwa mai ciwon daji da ya bazu. Akwai kuma ciwon da ba kuɗi kaɗai yake ci ba, har da lokaci. Mage mai ciwon sukari galibi allura biyu take buƙata kullum, safe da yamma, a kan lokaci. Wata ƙawata mai aikin dare ta duba ta ga ba za ta iya ba, ta nemi wani gida da zai iya, ta ba su. Ta yi kuka, amma ban ga laifinta ba.

Sai kuma iyaka, wadda ita ce ainihin abin da ka tambaya. A gidanmu mun yanke tun Toka na ƙarami cewa abu uku ba sa shiga lissafin dabba: abin da yara za su ci, kuɗin muhalli, da haƙƙin iyaye da 'yan'uwa da muka saba fitarwa. Bashi mai ruwa kuwa ba ma ci saboda mage, ko da asibitin ya kawo tsarin biya kaɗan-kaɗan. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mutum ya fara da waɗanda ciyar da su ke kansa. Abin da ya rage bayan nan, wanda da ma a kan sutura ko yawo ko sabuwar waya zai tafi, a ciki ake yi wa dabba. Ina roƙonka ka duba wannan da kyau, domin kuɗin da aka kashe wa Toka ba daga bakin wani ɗan'uwa aka cire shi ba, daga jin daɗinmu aka cire. Da a ce ranar nan ta zo daidai da rashin lafiyar Inna, ba sai an yi shawara ba.

Dalilin da ya sa muke yanke iyakar tun da wuri shi ne, a ɗakin likita ba a iya tunani. Yaro na kuka, dabba na kwance, an miƙo maka takarda ka sa hannu. A nan ne mutum ke amincewa da abin da zai yi shekara yana biya. Na koyi in ce a rubuto mini kiyasi, in tambayi wace hanya ce mafi sauƙin kuɗi da za ta cire ciwon, in kuma tambaya ko sakamakon wannan gwajin zai canza maganin da za a ba shi. In ba zai canza ba, me ya sa za a yi? Likitocin kirki ba sa jin haushin wannan, sau da yawa ma sai ka ga sun saki jiki sun gaya maka gaskiya.

Wasu cikinmu suna yin inshorar dabba, suna biya duk wata. Tana taimakawa a babban ciwo, amma ba ta biyan cutar da dabba ke da ita kafin a shiga, kuma kuɗinta na hawa yayin da dabbar ke tsufa, daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Wasu kuma ransu bai kwanta da ita ba ta fuskar addini, sai su buɗe asusu su riƙa jefa wani abu duk wata. Mu haka muka yi. Wanda hannunsa bai kai ba kuma ba a rufe masa ƙofa ba. Akwai ƙungiyar PDSA da wata mata, Maria Dickin, ta kafa a Landan a 1917 don dabbobin talakawa, har yau tana duba dabbobin masu karɓar wasu nau'o'in tallafin gwamnati, kyauta ko da rangwame. Na raka wata baiwar Allah mai 'ya'ya huɗu can da magensu, ba wanda ya wulaƙanta ta.

Abu ɗaya da nake gargaɗin duk sabon zuwa a kansa shi ne kada neman sauƙi ya sa a ba mage maganin mutane. Parasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya narkar da shi kamar tamu. Kuma mage na ɓoye ciwo, sai ya ci ƙarfinta ake ganewa, shi ya sa in ta kwana biyu ba ta ci ba bai kamata a jira ba. Jiran nan ne ma ke sa kuɗin ya yi yawa daga baya.

Abin da ya fi yi mana wuya shi ne allurar ƙarshe. Na san ita ce ta fi tayar maka da hankali, ni ma haka. Ban yi gaban kaina ba, sai da na tambayi malaminmu. Ya ce malamai sun yi saɓani, akwai waɗanda ba su yarda ba, amma a mazhabarmu ta Malikiyya an halatta a hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammanin tashinta. Ya ce abin da ba shi da hujja shi ne a kashe lafiyayya don an gaji da ita, ko a bar mara lafiya tana shure-shure don ana ƙyashin kuɗi. Allurar maganin sa barci ce mai yawa ake yi ta jijiya, dabba ta yi barci, cikin minti ɗaya ko biyu zuciya ta tsaya.

Ranar Talata da safe muka kai shi. 'Yarka ta riƙe kansa a cinyarta, ni ina shafa bayansa, maigida na tsaye a bakin ƙofa. Sun tambaye mu ko a ƙona gawar su ba mu tokar, kamar yadda da yawa ke yi a nan, muka ce a'a. Muka naɗe shi a tsohon zanen da yake kwana a kai, maigida ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida kusa da katanga. Da dare 'yarka ta tambaye ni ko da mun biya kuɗin kwantar da shi da yanzu yana nan. Na ce mata wataƙila yana nan, a keji, yana nemanmu bai gan mu ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce tana so ta kira Kawunta ta gaya masa. Kiran da ka samu ke nan.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata saƙon wannan watan zai iso ranar Juma'a in sha Allahu.

Ƙanwarka.