Wai fim ɗin asalin jarumi ne ya fi kowanne? Ga amsata, da fodkas ɗin da ka nema

Salamu alaikum 'yan guruf. To ƙanena, na ji saƙonka tun da rana, ina kasuwa ne shi ya sa ban amsa ba. Tambayarka biyu ce: wai fina-finan da ke ba da labarin asalin jarumi, yadda aka haife shi da yadda ya zama abin da ya zama, su ne suka fi kowane irin fim daɗi? Sannan kana so a faɗa maka fodkas masu sharhin fim. Amma ni na san inda ka dosa. Ba tambaya kake ba, Joker ɗin nan na 2019 kake so a ce ya fi The Dark Knight, tun musun da aka yi a nan kwanaki abin yana cinka. To ba za a ce ba. Bari in amsa maka a tsanake.

A'a, ba su fi ba. Sun dai fi sauƙin rubutawa, kuma abu biyu ne daban. Marubucin da aka ce ya rubuta asalin ekta, an riga an yi masa rabin aiki. Yaro ne ba kowa ba, wata masifa ta faɗa masa, ya samu ƙarfi ko makami ko malami, ya fara da shirme, ya ƙware, ya haɗu da bos, a tashi. Canjin da mai kallo yake so ya gani a jikin mutum yana nan kyauta, ba sai ka wahala ba. Shi ya sa da wuya ka ga irin fim ɗin ya lalace gaba ɗaya, kuma shi ya sa da wuya ya ba ka mamaki. Tun daga fosta ka san ƙarshensa. Zai saka rigar. Shi ke nan.

Iron Man na 2008 yana da kyau, ban musa ba, musamman zamansa a kogo yana ƙera sulke da tarkace. Batman Begins na 2005 ma haka, Casino Royale na 2006 ma haka. Amma ka lura da abu ɗaya, a dukkansu inda aka fi jin daɗi shi ne lokacin koyo, da zarar ya saka rigar sai fim ɗin ya fara neman hanyar gida. Wa yake tuna faɗan ƙarshe na Iron Man? Ƙarfe biyu ne kawai suke dukan juna a cikin duhu. Bos ɗin ma ba a samu lokacin gina shi ba, saboda ekta ya cinye awa guda da rabi yana gano kansa.

Sai ka zo kashi na biyu. Spider-Man 2 na 2004, The Dark Knight na 2008. A nan ne ake tambayar da ta fi nauyi: to ka samu ƙarfin, yanzu me zai ci maka? Peter Parker, wato Spider-Man, ba kuɗin haya, an kore shi daga aikin kai fiza, karatu yana lalacewa, yarinyar da yake so za ta auri wani. Wannan ai ya fi cizon gizo-gizo taɓa zuciya. Kuma ko kasuwa ta nuna, Batman Begins bai kai dala miliyan 400 ba, The Dark Knight ya haura biliyan 1. Na san za ka ce Joker ɗinka ma ya haura biliyan, kuma Joaquin Phoenix ya ci Oscar. Gaskiya ne, ya yi wasa. To Heath Ledger, wanda ya fito a matsayin Joker a The Dark Knight, shi ma ya ci, bayan rasuwarsa ma aka ba shi. Don haka mu ajiye maganar kyauta gefe, kunnen doki ne.

Abin da nake so ka kalla shi ne wannan. Joker ɗin Ledger sau biyu yana ba da labarin yadda aka yi ya samu tabon bakinsa, kuma labaran ba su yi daidai da juna ba. Sau ɗaya ubansa ne, sau ɗaya saboda matarsa ne. 'Yan sanda sun kama shi, ba suna, ba zanen yatsa, tufafinsa ma ba tambarin kamfani. Ba ka san daga ina ya fito ba, shi ya sa kake jin tsoronsa. Na 2019 kuwa sai aka zaunar da mu aka ce ga uwarsa, ga ciwonsa, ga maganin da gwamnati ta daina ba shi, ga yaran da suka doke shi a lungu. Ka fito kana tausayinsa. To madalla, fim ne na mutumin da gari ya yi watsi da shi, amma wanda kake tausayi ba ka tsoronsa. A tatsuniya an taɓa tsayawa an gaya maka yarintar Dodo? Wa ya haife shi, me ya ɓata masa rai? Ana cewa Dodo ya fito, yara sun matso jikin kaka, magana ta ƙare. Ranar da aka ce ai mai reno ce ta rene shi da duka, ranar ya daina zama Dodo.

Haka Gabbar Singh a Sholay, 1975. Ku tambayi iyayenmu da suka ga zamanin sinimar Plaza da Marhaba. Ba wanda ya san ƙuruciyar Gabbar, kuma shekara 50 ana ambatonsa. Wanda aka ba da tarihinsa a fim ɗin shi ne Thakur, kuma ba a farko ba, sai da ka yi ta mamakin me ya sa mutumin nan bai ɗauki bindiga ba ga ta a gabansa, sannan mayafin ya faɗi ka ga ba hannaye. An bari sai da ka ji ƙishin amsar aka ba ka.

Yawwa, kuma a nan ne zan ɗan sassauta, don kada wani ya taso mini da Baahubali. Na san rabin guruf ɗin nan a fassarar Algaita suka haddace shi. Eh, kashi na biyu na 2017 yawancinsa komawa baya ne, labarin uban. The Godfather Part II na 1974 ma wani ɓangarensa tasowar uban ne, Vito, daga Sisili zuwa New York, Robert De Niro ya hau, ya ci Oscar a kai, fim ɗin ma ya ci na gwarzon fim. To ba ina cewa komawa baya haramun ba ne. Amma duba yadda suka yi. Rajamouli, daraktan Baahubali, ya rufe kashi na farko a 2015 da Kattappa ya soke ubangidansa, ya bar duniya kusan shekara 2 tana tambayar me ya sa. Mu muka yi tambayar, shi ya zo da amsa. Coppola kuma, daraktan The Godfather, yana nuna maka uban yana gina gida, yana yankowa ya nuna maka ɗan, Michael, yana rusa gidan da hannunsa. Cire ɓangaren Michael, ka bar na Vito kaɗai, ka ga ko zai yi wannan nauyin.

Matsalata da amsar tambayar da ba wanda ya yi ce. Kuma wallahi a nan ne raina yake ɓaci. Solo, 2018. Mutum shekara 40 ana kallonsa a Star Wars, sunansa Han Solo, ba wanda ya taɓa kwana yana tunanin ina ya samo sunan. Suna ne kawai! Sai ga sin guda, wai wani jami'in ɗaukar soja ya tambaye shi su wa ne danginka, ya ce ba shi da kowa, sai jami'in ya rubuta masa sunan da ke nufin shi kaɗai. Haba jama'a. Kuma a fim guda ya samu sunan, ya samu bindigar, ya haɗu da Chewbacca, ya ci jirgin a caca. Wato duk abin da ya sa ya zama shi a ɗan lokaci guda ya faru, sauran rayuwarsa zaman banza ya yi ke nan? Fim ɗin bai kai dala miliyan 400 ba, aka ce an yi asara, ni ko a jikina.

Kuma kada a fara mini maganar Kawu Ben, kawun Spider-Man. Bawan Allahn nan an kashe shi a 2002. A 2007 a Spider-Man 3 aka dawo aka sake nuna mana, wai ashe ba wancan ne ya harbe shi ba, Sandman ne. Aka soke na huɗu, aka ɗauko Andrew Garfield a 2012, aka kawo Martin Sheen ya zama sabon kawu, aka sake kashe shi a bakin titi. Shekara 10 kacal tsakani! Wanda ya kalli na farko yana firamare bai ma gama jami'a ba. Kuma kowa ya san dalilin ba na fasaha ba ne, kamfanin Sony ne ke riƙe da haƙƙin yin fim ɗin, in suka daɗe ba su yi ba zai koma hannun Marvel. To asali shi ne abu mafi arha da za a sake dafawa. Iyayen Batman kuwa, Allah ya ji ƙansu, 1989 an harbe su, 1995 an tuno, 2005 an sake, 2016 an sake da sarƙar wuyan tana tsinkewa a hankali, har fim ɗin Joker ɗinka na 2019 sai da ya lallaɓa ya bi su lungun nan. Me suka yi wa Hollywood ne? Su kansu masu yin sun gaji, shi ya sa Tom Holland ya shigo a matsayin Spider-Man a 2016 da ƙarfinsa a jiki, The Batman na 2022 ya fara yana shekara ta biyu a aiki, Superman na 2025 ma bai tsaya nuna fashewar duniyarsa Krypton ba. Akwai wanda ya fito sinima ya ce bai gane ba?

X-Men Origins: Wolverine na 2009 kuwa, wanda suka ɗinke bakin Deadpool... kai, bar shi kawai. Ka kalli Logan na 2017, labarin ƙarshen mutumin, ka kwatanta da kanka.

To fodkas. Dukkansu da Turanci suke, ka sani, kuma wasu suna da sauri da barkwancin Amurkawa, sai ka rage gudun muryar a manhajar. Na farko da zan ce ka fara da shi The Rewatchables, na Bill Simmons da abokansa a The Ringer. Tsohon fim suke ɗauka su yi ta musu, wane sin ne ya fi daɗin maimaitawa, me ya tsufa bai yi kyau ba, wane ɗan wasa ne ya cinye fim ɗin. Irin hirar majalisa ce, ita za ta fi dacewa da kai. In kana son zurfi, Blank Check, na Griffin Newman da David Sims. Darakta guda suke ɗauka su bi fina-finansa tun daga na farko har na ƙarshe, sun yi Nolan mai Batman, sun yi Sam Raimi mai Spider-Man, don haka duk wannan rigimar ta Batman da Spider-Man tana ciki. Amma shiri ɗaya yana kai awa 2 zuwa 3, kuma sukan yi rabin awa ba su shiga fim ɗin ba. Ka sauke shi da datar dare, kada ka zo kana zagina.

Na dariya, How Did This Get Made, su Paul Scheer da June Diane Raphael da Jason Mantzoukas, munanan fina-finai suke yi wa tsiya. Akwai ashar a ciki, kada ka kunna a falo gaban Hajiya. Sababbin fina-finai kuma The Big Picture, ko Kermode and Mayo's Take, dattawan Ingila biyu da suka yi shekara 21 suna yi a rediyon BBC kafin su koma nasu a 2022. Turancinsu ya fi fita a kunnenmu. Mai son tarihi ya nemi You Must Remember This na Karina Longworth, wannan ba hira ba ce, ita kaɗai take karanta binciken da ta yi kan tsohuwar Hollywood. Mai son sanin yadda ake rubutun kansa, Scriptnotes, na John August da Craig Mazin, wanda ya rubuta Chernobyl. 'Yan Indiya kuma akwai Khandaan, a kan fina-finan su Shah Rukh da Salman da Aamir suka faro.

Sai dai in abin da kake nufi da sharhi shi ne wanda za ka kunna fim, ka kunna muryarsu tare suna magana a kai sin bayan sin, to wannan daban ne. Blank Check suna yi, sun bi fina-finan Marvel haka, amma sai ka biya kuɗin wata a shafin Patreon. Akwai kuma Star Wars Minute, su kam minti ɗaya na fim suke ɗauka su yi masa shiri guda, ka ji aikin marasa aiki, amma da daɗi. Kuma in ka ci karo da tsohon faifan DVD na The Godfather mai muryar Coppola a kai, ka riƙe shi da kyau, yana faɗin yadda kamfanin ba ya son Al Pacino da yadda aka kusa korarsa shi kansa.

Namu na gida, su Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa da shirin Hadiza Gabon, hira ce da 'yan fim kan rayuwarsu, ba fiɗar fim ba ce, kada ka je nema a can ka ce na yaudare ka.

Abu ɗaya, yawancinsu suna tona ƙarshen fim, don haka ka kalla tukuna kafin ka saurara. Kuma admin, a daina turo mana tireila ba tare da faɗin nauyinta ba, jiya ɗaya ta cinye mini data.