Kamun kifin bas a gindin itatuwan da suka faɗa kogi

Malam, ka ce a kogin da ke kusa da ku a Amurka duk inda bishiya ta faɗa ruwa nan bas yake, amma da ka jefa sai ƙugiya ta maƙale, kana tambayar wane koto za ka saya. Kafin batun saye, gyara wurin tsayawarka tukuna, don yawancin asarar daga nan take.

Bishiyar da ta faɗa kogi galibi saiwarta na sama, wato inda ruwa ke fitowa, kanta na kallon inda ruwa ke gangarawa. Ka tsaya ta ƙasa, inda ruwa ke gangarawa, ka jefa wajen saiwar, ka jawo zuwa kan bishiyar. Rassa ta can suka miƙe, don haka koto zai riƙa zamewa a kansu. In ka jawo daga kai zuwa gindi, kai tsaye zai shige tsakanin reshe da gungume ya cije. Shi ma kifin kansa na fuskantar ruwa, ya laɓe a bayan gungumen inda gudu ya lafa, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. In kana cikin ƙaramin kwale-kwale ma, kada ka kuskura ka tsaya ta ɓangaren da ruwa ke fitowa ya nufi bishiyar, ruwa zai danna ka cikin rassa.

Koto kuwa, fara da tanar roba a ɗaurin da suke kira na Teksas: dalma mai tsini giram 7 zuwa 10, ƙugiya lamba 3/0 ko 4/0, bakinta a binne cikin jikin robar. Ka toshe dalmar da ɗan roba ta tsaya a kan tanar. In ka bar ta tana yawo a zare, dalma za ta faɗa wannan gefen reshe, tanar kuma ta rataye a wancan, kifin bai ma gan ta ba. Inda ruwa ya fi ƙarfi ko zurfi, koma jig, wato ƙugiya mai kan dalma, mai gashin kariya a gaban ƙugiyar, giram 10 zuwa 14. Launin koto kuwa, ruwa in ya gurɓace, baƙi da shuɗi. In garau yake, kore mai ruwan ƙasa. Kifin roba mai leɓe mai kusurwa huɗu yana da kyau a gefen rassa, ya bugi itace ya kauce, a wannan kaucewar bas ke kai masa cafka. Amma ƙugiyoyinsa a buɗe suke, ban ba ka shawarar cusa shi tsakiya ba.

Ka fara da rassan waje kafin ka shiga ciki. Kifin da ka jawo daga tsakiya zai tarwatsa na bakin.

Zare shi ne inda mutane ke rowa. Sa fulorokabon, wani zaren roba ne garau, mai ɗaukar nauyin fam 17 zuwa 20, da sanda mai ƙarfi kamar ƙafa 7. Saƙaƙƙen zare ya fi ƙarfi, sai dai yana nutsewa cikin ruɓaɓɓen itace. Cizon sau da yawa ba ka jin sa a hannu, zare kawai za ka ga ya yi tsalle ko ya fara tafiya gefe. Fizga nan take, ka ɗaga kansa ka fito da shi fili a daƙiƙun farko, ba wasa. Ka ba shi sarari, ya naɗe zaren a reshe, shi ke nan. Bayan kowane kifi, shafa ƙarshen zaren da yatsu. In ka ji kaushi, yanke ka sake ɗauri.

In koto ya maƙale kada ka ja da ƙarfi, ƙara kafa ƙugiyar kake yi. Sassauta, ka ja zaren tsakanin sanda da hannu ka sake shi farat ɗaya, ko ka zagaya ta ɗaya ɓangaren. Lokacin sanyi, ruwa ƙasa da digiri 10 na Salsiyos, bar jig ya ɗan kwanta a gindin saiwar kafin ka motsa shi. Lasin kamun kifi kuma kowace jiha da nata, ka duba ƙa'idar tsawon kifin da aka yarda a ɗauka a kogin naku.