Amsa kan rigar 'yar tsanar Faransa da ta ƙi kwanciya a jiki

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari muryarki, na kuma duba hotunan da kika turo. Kin ce kin sayi 'yar tsana Bleuette, ta kwaikwayo, mai tsawon santimita 27, kin ɗinka mata riga amma rigar ta tsaya ƙiƙam kamar an kifa mata kwando, bayan ma ya ƙi haɗuwa. To ɗinkinki ba shi da laifi, layin ya miƙe tsaf. Matsalar yadi ce da awo.

Bari in fara da ita kanta 'yar tsanar, don wasu a nan ba su san ta ba. Bleuette ta fito ne a Faransa a 1905, wata mujallar yara mata mai suna La Semaine de Suzette ce ta fara ba da ita ga waɗanda suka biya kuɗin mujallar na shekara, kuma aka ci gaba da yin ta har 1960. Kamfanin SFBJ ne ya fara ƙera ta, wato haɗakar da masu ƙera 'yan tsana irin su Jumeau da Bru suka yi a 1899 da kayan Jamus masu araha suka matsa musu. Manufar mujallar ita ce yarinya ta koyi ɗinki, shi ya sa ta buga zanen yanka sama da dubu na kayan wannan 'yar tsana. Abin lura a nan: har zuwa 1933 tsawonta 27 ne, daga nan aka mai da ita 29. In kika ɗauko zanen bayan 1933 kika yanka wa taki, kafaɗa za ta zubo. Sannan da yawa daga tsofaffin zanen Faransa ba su haɗa da rarar ɗinki, ke za ki ƙara. Ina kyautata zaton abin da ya hana bayan rigarki haɗuwa ke nan. Ki ƙara milimita 6 a kowane gefe, in kin gama ɗinki ki rage shi da almakashi ya dawo kamar 3. Wajen buga zanen a takarda kuma, ki tabbata na'urar ba ta rage girmansa don ya cika shafi ba, ki sa rula ki auna.

Yanzu yadi, nan ne zancen yake. 'Yar tsana ta ƙanƙance, amma zaren yadi bai ƙanƙance tare da ita ba. Shaddar da ke kwanciya lumui a jikin mutum, a jikin abu mai tsawon taƙi ɗaya da 'yan kai tamkar kwali take. Atamfa kuma, ban da tauri, fure ɗaya ya cinye gaban rigar duka. Ki nemi audugar da ta yi laushi sosai, wadda in kika ɗaga ta a haske za ki hango yatsunki, irin boyel marar ado ko tsohon hankici mai kyau. In rigar fita ce, siliki na gaske marar kauri. In da zane a jiki, kada fure ko ɗigo ya wuce girman ƙwayar wake, ratsi kuma siriri. Ga gwaji mai sauƙi: ki ɗora yadin a kan yatsa ɗaya. In ya zubo ya rungumi yatsan, zai yi. In ya tsaya kamar laima, ki ajiye shi. Yadin roba mai sheƙi kam ban ba ki shawara ba ko kaɗan, ba ya karɓar guga, tattararsa kumbura take, kuma sheƙinsa ba na zamanin Bleuette ba ne. Kwatan yadi ya ishe ki riga ɗaya har da saura.

Kafin almakashi ya taɓa shi, ki wanke shi sitacin ya fita. Ja, baƙi da shuɗi mai duhu kuwa, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kai. In ya zuba, kada ya kusanci jikinta, domin jikin nan mai gaɓoɓi fenti ne a kansa, in rini ya kama shi da wuya ya fita. Dole sai launi mai duhu? To ki yi masa shafi da farar auduga.

Wani kuskuren da na gani a hoton, kin fara da riga. Ana farawa ne daga ciki: shimi, ɗan wando mai kaiwa gwiwa, sai fatari. In ta sa waɗannan, sannan ki zagaya tef a ƙirji da ƙugu da wuya, don su kaɗai suna ƙara kusan santimita ɗaya. Ki auna tafin hannunta ma, yatsun a buɗe suke kuma ba sa lanƙwasa, hannun riga da yawa a nan yake maƙalewa. Ki fara gwada yankan da tsohon ƙyalle tukuna, kada silikinki ya tafi a banza.

Wajen haɗawa, ki ɗinke kafaɗa, ki sa hannu tun rigar tana shimfiɗe, sannan ki rufe gefe da ƙarƙashin hannu a layi ɗaya. Ramin hannun ya yi ƙanƙanta a ce za a zagaya shi da keke. Tattarar siket kada ta wuce ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin ƙugu, ki yi ta da layin zare biyu, ki ja su tare, ki danne da dutsen guga. In da keke za ki yi, allura lamba 60 ko 70, tsawon ɗinki milimita ɗaya da rabi, ki shimfiɗa takarda marar kauri a ƙasa don kada keken ya haɗiye yadin. Kalmasa da wuya da bakin hannu dai da hannu ake yinsu, sun fi kwanciya, kuma haka 'yan matan wancan lokaci suka yi. Leshi na auduga, faɗinsa kada ya kai santimita ɗaya. In farinsa ya yi ƙal da yawa, ki tsoma shi a ruwan shayi marar madara na minti biyu ko uku, ki ɗauraye, zai yi launin tsufa. A baya ki sa ƙananan maɓallai na milimita 3 zuwa 4 da madaukin zare, ko 'yar ƙugiya. Zif da abin mannawa mai ƙarar nan ba su da wuri a rigar 1910.

Sai tambayar da wata 'yar uwa ta ƙara, yadda za a gane ta kwaikwayo da ta asali. Ki ɗaga gashin ki duba ƙeya. Kan na tangaran ne marar sheƙi, kuma mai kwaikwayo na kirki yakan rubuta sunansa da shekara a wurin tun kafin a gasa, ko da tambarin SFBJ da lamba irin 60 ko 301 sun fito daga mazubin da aka zuba shi a ciki. Ganin tambarin kaɗai bai isa a biya kuɗin ta asali ba. Ta kwaikwayo kuma ba abin raini ba ce, ita ce ma ta fi dacewa da mai koyon ɗinki, za ki tuɓe ki sa ba tare da fargaba ba.

Ajiya kuma, ki nisanta ta da taga, rana tana cin siliki. Ki sa ta a kabad mai gilashi saboda ƙurar hunturu, da damina ki riƙa buɗewa tana shan iska, ban da leda. Kada ki bar fil a jikin rigar, tsatsa zai yi. In idanunta masu rufewa ne kuma za ta daɗe a kwali, ki kwantar da ita rubda ciki a kan tawul mai laushi, don nauyin da ke juya idon kada ya ja su ciki.

Hajiya, ki fara da shimin da fatarin, ki turo mana awon ƙirji da ƙugu a kansu, sai mu duba zanen rigar tare kafin ki yanka. Allah ya taimaka.